Sakan 12 da rabi: daga karon jiragen Kano na 1978 zuwa duron ɗin Bompai

1/ Idan aka ce haɗarin jirgin sama a Kano, abu biyu ne ke faɗo wa mutane a rai: jirgin alhazai na 1973, da na EAS da ya faɗa Gwammaja a 2002. Akwai na uku da ba kasafai ake tuna shi ba, kuma shi ne ya fi shafar masu tashin duron a Bompai, Sharaɗa da Challawa yau. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Ranar 1 ga Maris 1978, jirgin fasinja na Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 yana gangarowa zai sauka a filin jirgin Kano. Daidai lokacin wani jirgin horo na sojan sama ƙirar MiG-21 yana atisayen sauka da tashi a filin: ya taɓa ƙasa, ya sake ɗagawa, ya zagayo. Suka yi karo. Mutum 16 da ke cikin Fokker duk suka rasu, haka ma biyun da ke cikin MiG. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

3/ Tambayar da kowa ke yi idan ya ji irin wannan labari: sama fa faɗi gare ta, babu shataletale, babu cunkoson Ƙofar Nasarawa, ta yaya jirgi biyu za su haɗu wuri ɗaya? Amsar ita ce kusa da filin jirgi sama ƙuntatacciya ce. Kowa titi ɗaya ya nufa, ta hanya ɗaya, a tsayi ɗaya. Sannan ga gudu.

4/ Gudun nan shi ne gaba ɗaya maganar zaren nan. A sama, nisan da kake iya hangowa lokaci ne. In ka hango abu daga mita 1,000 yana nufo ka da mita 70 a kowane sakan, abin da ke hannunka sakan 14 ne. Duk tarihin kauce wa karo a sama ƙoƙari ne na ƙara yawan waɗannan sakan ɗin.

5/ Mu koma farko. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila ƙirar DH.9A suka sauka Kano, bayan tafiyar kwanaki daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Zamanin Sarki Usman ne. Filin wasan dawaki suka sauka, domin babu filin jirgi tukuna. Na'urar hangen da suke da ita kaf ita ce ido, da taswira, da kamfas.

6/ Kuma idon ya ishe su. Jiragen ba su da gudu sosai, sararin sama kuwa nasu ne su kaɗai, sai ungulu da shaho. Daga 1936 Imperial Airways ta fara kawo jirage Kano ta Khartoum. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa Kano ta zama zango a hanyar da ake kai jiragen yaƙi daga Takoradi ta Gana zuwa Masar. Jirage suka yawaita, gudu ya ƙaru, doka dai tana nan yadda take: ka duba da idonka, ka kauce.

7/ Inda wannan doka ta fara karyewa a idon duniya shi ne Amurka. Ranar 30 ga Yuni 1956 jiragen fasinja biyu, na United da na TWA, suka tashi daga Los Angeles da 'yan mintoci tsakaninsu, suka je suka yi karo a saman Grand Canyon. Mutum 128, babu wanda ya tsira. Babu na'urar rada da ke kallon wannan yanki, aikin matuƙan ne su ga juna, ga kuma tulin gajimare suna zagayawa.

(A gefe: kwana shida kafin nan, 24 ga Yuni 1956, jirgin BOAC ya faɗi nan Kano jim kaɗan bayan tashi cikin hadari, mutum 32 suka rasu. Mummunan mako ne ga harkar jirage.)

8/ Haɗarin Grand Canyon ne ya tunzura Amurka ta kafa hukumar FAA a 1958, ta kuma zuba kuɗi wajen shimfiɗa rada a faɗin ƙasar. Ma'ana an ɗauke wani kaso na aikin hange daga idon matuƙi an ba mutumin da ke zaune a ƙasa gaban allo, wanda ke ganin jirage daga nisan kilomita masu yawa.

9/ Me ya sa ido bai isa ba? Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a sama ƙimar tasa tana kuskure, saboda wani dalili mai ban tsoro. Jirgin da zai wuce ta gefenka za ka ga yana motsi a gilashi. Wanda zai buge ka kuwa ba ya motsi ko kaɗan. Ɗigo ne ƙarami tsaye wuri ɗaya, kamar ƙura a gilashi, yana girma a hankali, sai a sakan na ƙarshe ya cika maka gilashin gaba ɗaya. Idon ɗan Adam kuma motsi yake kamawa, abin da ke tsaye cak yakan wuce shi.

10/ FAA ta yi lissafin tsawon lokacin da matuƙi ke buƙata daga ganin ɗigon zuwa kaucewa, ta ce sakan 12.5 ne. Ga yadda aka raba: 0.1 ya ga abu, 1 ya gane jirgi ne, 5 ya fahimci karo za su yi, 4 ya yanke shawarar inda zai karkata, 0.4 hannunsa ya motsa, 2 jirgin ya amsa. Ku lura, sakan 9 cikin 12.5 duk a cikin kai suke ƙarewa, tunani ne kawai.

11/ Ku riƙe lambar nan, 12.5, za mu dawo kanta.

12/ Rada ta ƙasa ma ba ta rufe ƙofar ba. A 1986 wani ƙaramin jirgi ya kutsa hanyar jirgin Aeroméxico a saman Cerritos, California, mutum 82 suka mutu har da 15 da ke ƙasa a unguwa. Bayan wannan ne majalisar Amurka ta wajabta wa jiragen fasinja na'urar da ake kira TCAS. Indiya ta bi sahu bayan jirgin Saudiyya da na Kazakhstan sun yi karo a Charkhi Dadri a Nuwamba 1996, mutum 349. Har yau babu karon sama da ya kai shi kisa.

13/ Yadda TCAS ke aiki yana burge ni. Jirgi yana aika tambaya ta rediyo ga duk jiragen da ke kewaye, kowanne na'urarsa ta amsa da tsayinsa. Daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo ake gane nisa. Sai kwamfuta ta raba nisan da gudun kusantowa, ta fitar da sakan nawa suka rage. Gargaɗin farko yana zuwa tsakanin sakan 20 zuwa 48 kafin haɗuwa. Umarni na biyu, wato hau ko sauka, tsakanin sakan 15 zuwa 35. Kun ga ko mafi ƙarancinsa ya haura 12.5 ɗin nan.

14/ Amma hange kaɗai bai wadatar ba, sai an yarda da wa za a bi. Daren 1 ga Yuli 2002 a saman Überlingen ta Jamus, jirgin kaya na DHL da jirgin fasinja na Rasha duk TCAS ɗinsu ta hango juna a kan lokaci. Ta ce wa na DHL sauka, ta ce wa na Rasha hau. Mai kula da zirga-zirga daga ƙasa kuma ya ce wa na Rasha sauka, suka bi maganarsa. Duk biyun suka sauka, suka haɗu. Mutum 71, mafi yawansu yara 'yan makaranta masu tafiya hutu. Tun daga nan doka ta fito fili: idan TCAS ta yi magana, ita za a bi.

15/ A gida kuma, abin da mutane da yawa ba su sani ba: a taswirar zirga-zirgar jirage ta duniya, sararin saman Najeriya sunan Kano yake amsawa, Kano FIR. A 2010 aka ƙaddamar da aikin TRACON na hukumar NAMA don rada ta game ƙasar, kuma Kano na cikin manyan tashoshinsa tare da Legas, Abuja da Fatakwal. Wato jirgin fasinjan da ke sauka Kano yau yana da ido hawa uku: na matuƙi, na hasumiya, da na TCAS. Na 1978 bai da na ukun, ba a ma fara amfani da shi ba a lokacin.

16/ To, ana cikin wannan sai ga duron, jirgi mara matuƙi, ya shigo kasuwa da araha. Kuma ƙaramin duron irin na ɗaukar bidiyo ya tsallake duka hawa ukun. Ba ya ɗauke da na'urar amsa tambayar TCAS, don haka a wurinta babu shi. Rada ta filin jirgi an tsara ta ne ta yi watsi da ƙananan abubuwa marasa gudu, kada tsuntsaye su cika allo, shi ma da su yake tafiya. Idon matuƙi kuwa, abin da bai fi faranti girma ba, daga nesa wa zai gan shi?

17/ Nauyin kaucewa gaba ɗaya ya koma kan mai riƙe da rimot a ƙasa. Mun koma 1925 ke nan, sai dai yanzu jiragen da ke zuwa masu gudun kilomita 250 a awa ne.

18/ Wani zai ce: "Ai nawa yana da na'urar kauce wa karo, an rubuta a kwali." Gaskiya ne yana da ita. Tambaya ita ce mita nawa take gani. Ta DJI Phantom 4 ta farko wajen mita 15 take hangowa. Sababbi irin su Mavic 3 suna auna nisa daidai har kusan mita 20, suna iya lura da abu har wajen mita 200 idan haske yana da kyau. An yi su ne don bango, bishiya da bene, abubuwan da ke tsaye suna jiranka ka taka birki.

19/ Yanzu lissafin aji ɗaya na sakandare. Jirgin fasinja mai shirin sauka yana cin kusan mita 70 a sakan. Na'ura mai ganin mita 20 ta ba ka ƙasa da sulusin sakan ɗaya. Mai ganin mita 200 ta ba ka ƙasa da sakan 3. Kafin ka samu 12.5 ɗin nan sai ka hango jirgin daga kusan mita 900. Ko helikwafta ce mai cin mita 50 a sakan, kana buƙatar sama da mita 600. Wallahi tazarar ba ƙarama ba ce.

20/ An ga haka a aikace. Ranar 21 ga Satumba 2017 a Staten Island ta New York, wani Phantom 4 ya bugi helikwaftar sojan Amurka ƙirar Black Hawk a tsayin kusan ƙafa 300. Mai duron ɗin yana can kimanin kilomita 4 daga wurin, allon hannunsa kawai yake kallo. Bai ga helikwaftar ba, bai ma san an yi karo ba, shi dai ya ga kayansa bai dawo ba. Guntun injin duron ɗin da ya maƙale a jikin helikwaftar ne masu bincike suka bi lambarsa har suka gano shi. Helikwaftar ta sauka lafiya, amma farfelarta ta lalace. Makonni uku bayan nan wani duron ya bugi ƙaramin jirgin fasinja mai shirin sauka a Quebec ta Kanada.

21/ Darasin Staten Island: kyamarar duron gaba kawai take nuna maka, ko ƙasa, inda ka juya ta. Kamar leƙe ne ta ramin makulli. Abin da ke tahowa ta baya ko ta gefe ba ya cikin hoton.

22/ Mu dawo gida. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun zamanin Turawa. Sharaɗa da Challawa daga baya aka buɗe su, bayan ƙirƙirar jihar a 1967. Dalilin ɗaga duron a waɗannan wurare a bayyane yake: auna fili, duba rufin sito ba tare da an hau ba, tsaro, bidiyon talla, har da masu son nuna yadda ruwan dattin majemu ke gangarawa kogin Challawa. Aikin halak ne, kuma kasuwarsa girma take yi.

23/ Sai dai Bompai maƙwabciyar filin jirgin Malam Aminu Kano ce, 'yan kilomita ne tsakani. Filin kuma na haɗaka ne, fasinja da sojan sama, kuma har yau akwai makarantar horar da matuƙan jiragen yaƙi a Kano. Wato irin haɗin da ya haifar da haɗarin 1978, jirgin fasinja da jirgin horo a sarari ɗaya, yana nan. Duron ya zo ya zama na uku.

24/ Ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce kada duron ya wuce ƙafa 400, wato kusan mita 120, bisa tunanin cewa jirage suna can sama da haka. Nesa da filin jirgi tunanin daidai ne. Kusa da shi fa? Jirgi yana gangarowa ne a kusurwar digiri 3. Ku buga a waya: 120 a raba da 0.052, kusan mita 2,300. Ma'ana daga kilomita 2.3 zuwa bakin titi, jirgin yana ƙasa da mita 120, cikin tsayin da mai duron yake ganin nasa ne. Helikwafta kuwa ba ruwanta da layin titi, tana iya ratsowa ƙasa-ƙasa ta ko'ina.

25/ Sannan ga abin da littafin da ke cikin kwalin duron bai san da shi ba: hunturun Kano. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta juye mana. Ranar da hazo ya yi kauri, nisan gani yana faɗowa ƙasa da mita 1,000, wani lokaci 'yan ɗaruruwa, har a soke tashin jirage. Mun ce kana buƙatar mita 900. Ranar da NiMet ta ce gani mita 800 ne, ko idonka ya fi na shaho lissafin ya riga ya ƙi.

26/ Kuma hazon ba idonka kaɗai yake rufewa ba. Na'urar kauce wa karon nan kyamarori ne biyu-biyu masu kwatanta hoto don gane nisa. Suna buƙatar haske da bambancin launi. Farin hazo, farin rufin kwano mai ƙyalli, almuru, duk suna rage musu gani. Siririyar waya ma ba sa ganinta da kyau ko da rana tsaka, masu ƙera su da kansu sun yi wannan gargaɗi. Duk wanda ya san yankin Challawa da babbar tashar wuta ta Kumbotso ya san wayoyi ba su da iyaka a can. Ƙarin abin haushi, a yawancin ƙirar DJI da zarar ka sa yanayin gudu, na'urar kashe kanta take yi.

27/ Kunne fa? Ai ana jin ƙarar jirgi kafin a gan shi. A gona, e. A Sharaɗa, tsakanin manyan janareto da tireloli, sai ya zo kanka.

28/ To me duniya ke yi a kai? Hanya biyu. Ta farko ADS-B: jirage da yawa yanzu suna shelanta wurinsu da tsayinsu ta rediyo ba tare da an tambaye su ba. A 2019 DJI ta sanar cewa daga 2020 sababbin ƙirarta masu nauyi sama da giram 250 za su zo da na'urar sauraron wannan shela, mai suna AirSense. Tana jin jirgi daga kilomitoci, ta nuna maka shi a taswira. Wannan babban ci gaba ne, daga sulusin sakan zuwa minti guda ko fiye. Rauninta: mai shela kawai take ji. Jirgin da ba shi da na'urar, ko na soja da ya kashe tasa, a wurinta babu shi.

29/ Hanya ta biyu a maƙwabta ma ake amfani da kamfanin da ya fito da ita. Zipline, wanda ya fara kai magani da jini asibitocin jihar Kaduna da duron a 2022 daga Pambegua, ya sanar a shekarar cewa ya ƙera na'ura mai ji maimakon gani. Ƙananan makirfo ne a jikin fikafikai, suna sauraron ƙarar injin jirgi ta kowace fuska har kusan kilomita 2. Ba ruwansu da gajimare ko duhu, ba ruwansu da ko jirgin yana shela. In an haɗa gudun jirgin da na duron ya kai mita 100 a sakan, kilomita 2 sakan 20 ke nan. Ya haura 12.5, kuma kwamfuta ce ke yanke shawara, babu sakan 9 na tunani. A ganina wannan ta fi dacewa da ƙasar hazo fiye da kowace kyamara.

30/ Ta fuskar doka, tun Mayu 2016 hukumar NCAA ta hana tashin duron a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. An fahimci dalili, lokacin tsaro ne ke gaban kowa. Amma takardar izini tana amsa tambayar "wane ne kai" ne. Tambayar "daga mita nawa za ka ga jirgi" tana nan, kuma mai takarda da mara takarda duk lissafi ɗaya ne ke kansu.

31/ Kuma ba sai an yi karo ba kafin a yi asara. A Disamba 2018 rahoton ganin duron kawai ya sa aka rufe filin Gatwick na Landan, jirage kusan 1,000 suka tsaya, fasinja wajen 140,000 suka maƙale. Ku ƙiyasta irin wannan a Kano ana tsakiyar jigilar alhazai.

32/ In da ni za a tambaya, mai aikin duron a Bompai bai kamata ya ɗaga shi ba sai hasumiyar filin jirgi ta san da shi, domin ita kaɗai ke ganin abin da ke tahowa daga nesa. A Sharaɗa da Challawa, mutum biyu ake buƙata: ɗaya idonsa a allo, ɗaya idonsa a sama. Da an ji ƙarar jirgi a sauko, kada a tsaya neman ta ina yake. Shi ma saukowar ba nan take ba ce: duron mai gangarowa da mita 5 a sakan, daga mita 120 zuwa ƙasa sakan 24 yake buƙata, kusan ninki biyu na 12.5.